Ku Bar wa Kifin Ƙayar Bayansa

Assalamu alaikum. Shugaban wannan taro, shugaban masunta, likitan asibitinmu, iyayena mata masu banda da masu sayar da ɗanye, jama'a manya da yara, ina gaishe ku da girmamawa. Na gode da kuka baro kwalekwale da murhu kuka zo. Muryata ba ta da ƙarfi, ku matso kaɗan.

Aikina gwajin kifi a ɗakin bincike. Abin da na gani zan faɗa, wanda ban sani ba kuma zan ce ban sani ba, don za a tambaye ni gobe ƙiyama.

Da farko, akwai wani kifi a koginmu da ba a taɓa rubuta shi a ko'ina ba. Launinsa na wanda muka saba ci ne, gashin bakinsa haka, girmansa haka. Ranar da na je yankar ɗan fatarsa, wani dattijon masunci ya ce mini, "Hajiya, kifi ma sai an yi masa gwajin jini? Wa ya musanta ubansa?" Muka yi dariya. Da sakamakon gwajin ƙwayoyin halittarsa na gado ya fito, dariyar ta ɗauke mini. Ba jinsi ɗaya ba ne da namu. Na maimaita, na sake maimaitawa, haka ya fito.

Na biyu, kuma shi ya hana ni sukuni: ƙwan cikinsa yana da guba. Namansa ban tabbatar ba tukuna. Yarinyar telan bakin kasuwa tana kwance a asibiti yanzu haka, ba ta riƙe ko ruwa. Ƙwai ta ci. Kuma wa muke ba ƙwan kifi? Yara muke ba. Mu da hannunmu muke tsame shi, mu hura ya huce, mu sa a bakin wanda muka fi so.

Na uku, alama ɗaya ce ido yake gani. Ƙayar bayan namu santsi gare ta, ta baƙon kuwa tana da haƙora kamar zarto. Ga su a hannuna, kowa ya zo ya shafa. To amma ku masunta kuna karye ƙayar tun a kwalekwale don kada ta soke ku. Kifin da ya iso kasuwa ba ƙaya, ni kaina ba zan bambance shi ba sai na koma ɗakin gwaji. Balle an gyara shi ya sha hayaƙi.

Don Allah ku bar masa ƙayarsa. Na san za ta soke ku, na san hannu zai kumbura. Ku bar ta. Iyayena mata, wanda ya zo muku a karye, kada ku karɓa, ko na mijinku ne.

Jiya na dafa kifi a gida, jikata ta miƙo hannu ta ce, "Kaka, ƙwaina." Na juya kifin, babu ƙaya. Na hana ta, ta yi ta kuka, na bar ta ta yi.

Allah Ya tashi kafaɗar yarinyar telan nan, Ya tsare mana 'ya'yanmu, Ya sa albarka a tarunku, Ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.