Hantar Ragon Suna

A tashar Minjibir, ana jiran mota ta cika, Goggo Tahira ta lura wani dattijo yana kallon ƙafarta. Babban yatsan ya kumbura, har ta yanke gefen takalmin.

"Baiwar Allah, wani abu kika taka a gona?"

"Ban taka komai ba, Malam. An gwada jinina, wani sinadari ne wai shi yurik asid ya yi yawa ya taru a gaɓa. Likita ya ce in bar hanta da ƙoda da lemon kwalba."

"Hanta? Ai ita ce mai ƙara jini!"

"Ita ta kwantar da ni sati uku, gyaɗata na ƙasa ba a cire ba. Ni ce babba a gidanmu, duk ragon suna ni ake kawo wa hantarsa. Bana suna bakwai aka yi."

"To ki karɓa mana. Mayar da ita ai raini ne."

"Haka ƙanena ya ce, wai na ƙi jikansa. Har yau bai gaishe ni ba."

Dattijon ya sassauta murya. "Ciwon nan, kamar an ɗora garwashi yake?"

Sai ta dubi ƙafarsa. "Af! Kai ma?"

"Mahauci ne ni. In na bar kayan ciki, yaran fawa dariya za su yi mini."

"To su yi ta yi. Ni gobe akwai suna a Zakirai. Zan je, in ɗauki jaririn, in ci tuwona. Wanda ya ji haushin hanta ya cinye, ya ari ƙafata ya shiga gona da ita."