Don Allah Ku Riƙa Faɗin Sunan Jirgin

Assalamu alaikum Malam, da dukkan masu sauraro. Sunana Talatu, daga Bukuru. A yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koya.

Ɗana Nasiru makanike ne a jirgin ruwa mai dakon mai. Rabona da jin muryarsa tun kafin azumi. Ranar ya ce mini, "Mama, za mu ratsa ruwan da ake harbi. Kyaftin ya ce a kashe waya da fitilu, kada a gano mu. In kin ji shiru, ki yi addu'a kawai."

Tun daga nan labaran yaƙi na safe ba sa wuce ni. Na ƙasa da na sama ina shara nake ji, amma da kun ce "a teku kuwa", sai tsintsiya ta faɗi. Jiya kuka ce makami ya sami wani jirgin mai, wuta ta kama, ba a ga wasu ma'aikata ba. Sai kuka wuce zuwa farashin dankali.

Malam, wani jirgin wanne? In ba ku sani ba, ku nuna mini inda zan tambaya. Ko mugun labari ne, gara in ji shi da suna.