Ƙaho ga Mai Wankin Ƙoda

A tashar Isa, muna jiran mota ta cika, wani tsohon wanzami ya dubi saurayin da ke gefensa.

"Ɗana, mi ya kumbura maka ƙafafu haka?"

"Ƙoda ce, Baba. Za ni Sakkwato wanki."

"Wane wanki! Zo in kafa maka ƙaho, mugun jinin ya fita."

"Ƙaho? Kashe ni za ka yi! Jinina ba ya tsayawa. Ko a asibiti sai sun yi mini allurar daskarar da jini kafin su huda ni."

"Subhanallahi! Akwai irin wanga jini?"

"Gado ne. Wana Amiru wajen kaciya ya rasu, a Gatawa. Kwana biyu jini na zuba."

Tsohon ya saki zabirarsa.

"Amirun gidan Jibrilla? Ni na yi mashi. Shekara ashirin ina cewa mayu ne."