Motar da ta zauna a ƙirjina

'Yan'uwa, salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tsayar da ni a kan ƙafafuna a gabanku yau. Ku yi haƙuri da ni, zan yi magana a hankali, domin haƙarƙarina bai gama warkewa ba. In kun ga na yi shiru, numfashi nake ja.

Yawancinku kun san farar a-kori-kurar nan tawa, wadda nake kai gero da wake kasuwannin Baure da Mashi da ita. Ta kan iyakar Kongolam aka shigo mini da ita, kuma ita ce mota mai giyar otomatik ta farko da na taɓa riƙewa. Da damina ta kankama sai giyar ta fara gardama. Ka taka totur, injin ya yi ta ihu, motar kuwa tana jan ciki. Na kira wani bakanike a Katsina da ya san irinta. Ya ce ba sai an jawo motar ba, a sauke akwatin giyar kawai a kai masa.

Na ce ai wannan aikin gida ne. Na sha sauke giyar motoci masu kulochi. Sai na kira Bitrus, ƙanin matata Saratu, wanda direba ne, ya zo ya kama mini.

Ba mu da babban jak, don haka muka yi yadda kowa ke yi. Muka haƙa dogon rami a filin gidana, zurfinsa bai wuce gwiwa ba, muka lallaɓa motar ta hau kansa, tayoyi a hagu da dama. Ta gefe ɗaya muka buɗe wa ramin baki, inda mutum zai zurara ya shiga. Filin yana da ɗan gangara zuwa ƙofa saboda ruwan sama ya samu hanyar fita. An kuwa yi ruwa kafin ranar, kun kuma san ƙasar Daura, rairayi ce.

Bitrus ya dubi ramin, ya dube ni, ya ce, "Mijin Yaya, anya tumbin nan zai shiga? Ko mu ƙara faɗi?"

Na ce, "Tuwon yayarka ne, je ka tambaye ta."

Saratu ta zo wucewa da tsintsiya, ta tsaya ta ce, "Baban Ladi, ban ga kun tokare tayoyin ba. Ina weji?"

Bitrus ya ce, "Yaya, wannan motar zamani ce. In an sa giyarta a fakin, ko giwa ba ta ture ta. Ke dai ji da tukunyarki."

Ta ce, "To, direban da ya kwana a kududdufi, na ji."

Muka yi dariya. Ni ma ra'ayin Bitrus gare ni. Birkin hannun motar ya tsinke tun bara, ban gyara ba, domin in na sa ta a fakin, ko a kan tudu ba ta motsi.

Ga abin da ban yi tunaninsa ba. Fakin ba taya yake riƙewa ba. A cikin akwatin giya yake kullewa, kuma abin da ya haɗa akwatin da tayoyin baya shi ne farfela, dogon ƙarfen nan da ke juyawa a ƙarƙashin mota. Wanda ya cire farfela ya saki tayoyi. Tsofaffin motocin da na yi aiki a kansu, kullum da dutse a gindin taya, don ba wanda ya yarda da su. Wannan kuwa na yarda da ita.

Muka cire kan batir, muka tsiyaye man giya. Na shiga ramin na kwanta rigingine wajen tayoyin baya, na fara kwance notocin farfela. Duk suka fita lafiya, sai na ƙarshe ya cije. Nauyin motar ne gaba ɗaya a kansa, amma ni na ɗauka tsatsa ce.

Na ce, "Bitrus, miƙo guduma."

Na buga. Ya fita.

Ban ji wata ƙara ba. Na dai ga cikin motar yana tafiya a saman fuskata. Tayar baya ta gangara ta kai bakin ramin, jiƙaƙƙen rairayi ya zube, tayar ta faɗa. Dunƙulen ƙarfen nan mai kama da tulu da ke tsakanin tayoyin baya ya sauko ya zauna a ƙirjina.

'Yan'uwa, na fitar da numfashi, na nemi in mayar, babu hanya!

Ina jin komai. Na ji Bitrus yana kiran sunana, yana cusa ƙaramin jak, jak yana nutsewa cikin rairayi. Na ji Saratu ta kurma ihu ta yi waje.

A nan ne na tuna wani abu. Ban taɓa tayar da motar nan zan hau titi ba tare da na yi addu'a ba. Amma da safen nan ban yi ba. A ganina hatsari a kan hanya yake zaune, ba ya shiga gidan mutum. Yanzu ga ni a tsakar gidana, ina hango igiyar shanya da rigata a kai, ina mutuwa.

Bakina ba ya iya furta komai. A zuciya na ce, "Yesu, ba ni da iskar da zan kira ka da ita. Ka ji ni haka nan."

Ba zan ce muku na ga haske ko na ji murya ba. Abin da na sani shi ne tsoro ya sake ni. Na daina kokawa da ƙarfen, na lafa, sai na tarar akwai 'yar iska kaɗan da ke shiga in ban yi gaggawa ba. Da ita na rayu.

Saratu ta dawo da maƙwabcinmu Malam Sani, dillalin dabbobi, tare da baƙi biyu da ke zaurensa. Bitrus ya riga ya dafa motar yana cewa, "Ku kama mu tura ta baya!"

Malam Sani ya daka masa tsawa. "Kul! In kuka tura kun niƙe shi. Saniya in ta faɗi ba a janta, ɗaga ta ake yi. Maman Ladi, ina turminki? Kai Bitrus, zaro azarar rumfar can!"

Suka kafa turmi a kan ƙasa mai tauri kusa da tayar, suka ɗora azara a kai, suka cusa bakinta a ƙarƙashin motar. Maza huɗu suka hau ɗaya bakin. Saratu kuwa ta zurara cikin ramin da tasa a hannu, tana yashe rairayin da ke ƙarƙashin bayana.

Malam Sani ya ce, "Maman Ladi, fito, motar na iya dawowa."

Ta ce, "In ta dawo ta same mu tare. Ku danna!"

Suna dannawa suna cewa, "Bismillahi! Ya Allah!" Ita tana yasa tana cewa, "Yesu, riƙe ƙarfen nan. Baban Ladi, dube ni. Kada ka rufe mini ido."

Ƙarfen ya ɗaga, bai fi faɗin tafin hannu ba. Iska ta shiga ƙirjina kamar an soka mini wuƙa, amma ban taɓa shan abu mai daɗinta ba. Halleluya!

Saratu ta fita da baya, ta kama ƙafafuna ita da ɗaya daga cikin baƙin, suka ja ni waje. Kaina na fita ke nan turmin ya tsage, motar ta koma ta zauna daidai inda nake kwance.

A asibiti aka ce haƙarƙari ya tsage, amma huhu lafiya, kashin baya lafiya. Akwatin giyar kuwa daga baya aka sauke shi, a kan daɓen siminti, da duwatsu gaba da bayan kowace taya. Ina zaune a kujera ina kallo, Bitrus bai yi wa kowa ba'a ba ranar.

Da na samu sauƙi na shiga gidan Malam Sani in yi godiya. Ya ce, "Haba maƙwabci, ni me na yi? Da sauran shan ruwanka ne. Ka san ranar kasuwa ce, da tuni na yi nisa da tumakina. Wa ke kai ni in ba kai ba? Motarka ta lalace, shi ya sa ka same ni a gida."

Na dawo gida ina juya maganar nan. Tun da giyar ta fara gardama nake gunaguni, ina cewa Ubangiji ya tsayar mini da sana'a a tsakiyar damina. Ashe tun kafin in haƙa ramin ya riga ya zaunar da wanda zai fitar da ni.

Na gode wa Allah Uba. Na gode wa matata, na gode wa maƙwabtana, na gode muku da kuka yi ta zirga-zirga asibiti. Wanda duk wani nauyi ya danne a cikinku, har ya kasa buɗe baki ya yi addu'a, kada ya ce ba a jin sa. Ni ban furta ko kalma ɗaya ba, aka kuwa ji ni.

Ku dogara gare shi. Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin.