Ƙwan Yaya Eduviges da Masu Kallon Hoto

Mai girma shugaban wannan taro, Magajin Garinmu, Don Fulgencio Arriaga. Mai martaba Fada Anselmo, wanda ya yi wa rabinmu baftisma, ya ɗaura wa sauran aure. Malama Otilia, shugabar wannan ɗakin karatu, wadda ta ɗora mini alƙalami a hannu bayan gemuna ya yi fari. 'Yarmu Yunuén, ɗiyar ƙanenmu marigayi, wadda ta taso tun daga Chicago domin ƙaddamar da littafinta. Iyayena mata, 'yan'uwana maza, da ku manyan masana da kuka cika kujeru fal: ina gaishe ku gaisuwar girmamawa.

Ni ne Crescencio Tzintzun. Wannan jawabi ni na rubuta shi da hannuna, harafi bayan harafi, ba wanda ya riƙe mini alƙalami, ba wanda ya faɗa mini abin da zan ce.

Godiyata ta farko ga Yunuén take. Ta dubi jikokinmu da aka haifa a Arewa, can ƙasar su Chicago, waɗanda harshenmu ya fara yi musu nauyi a baki, sai ta yi musu littafi mai hotuna, Sifaniyanci a sama, Turanci a ƙasa, a kan gwaggonta, yayata Eduviges, da yadda take cire wa yara mugun ido da ƙwai. Godiyata ta biyu gare ku take, mutanen garin nan, domin kun nuna wa duniya cewa ana iya gama littafi mai harshe biyu ba tare da an karanta ko ɗaya daga cikinsu ba. Wannan baiwa ce, ba kowane gari Allah ya ba ba.

Magana ta farko ita ce abin da kowa ya sani. Babu uwa a nan da ba ta taɓa rungumar ɗanta mai kuka da zazzaɓi ta nufi gidan Eduviges ba. Kun ga ta ɗauki ƙwai tana shafa wa yaro daga ka har tafin ƙafa tana addu'a; kun ga ta fasa shi a kofin ruwa ta tura ƙarƙashin gado; kun kuma ga da safe ta barbaɗa masa gishiri ta kai shi nesa ta zubar, ba ta ko waiwayowa. Wannan ƙwai ko kare ba a ba shi. Haka kakarmu ta yi, haka uwarmu ta yi, haka aka yi wa yawancinku tun kuna majina.

Magana ta biyu ita ce abin da kuka gano da zurfin iliminku. Littafin ya riga bikinsa isowa, ya zaga kasuwa hannu zuwa hannu. A wani shafi kuka ga hoton Eduviges da kofin ƙwai. Kuka juya shafi, sai ga ta a rumfarta ta kasuwa tana soya ƙwai da barkono, jama'a suna karyawa. Shi ke nan, bincike ya kammala, hukunci ya fito: ashe ƙwan ciwo take soya mana! Matar da ta tsufa tana ciyar da ku, rana ɗaya rumfarta ta zama kufai, ƙudaje kaɗai suka riƙe amana.

Na tare kumpadrena Hilario, wato wanda na riƙe wa ɗa ranar baftisma, yana lallaɓawa ta bayan rumfar kamar ɓarawon kaza. Na ce, "Kumpadre, yau azumi kake?"

Ya ce, "Haba kumpadre, rufa mini asiri! Ni da cikina ba ya son rigima? A littafi fa aka buga, da idona na gani."

Na ce, "Ka karanta?"

Ya ce, "Kai ma dai! Don ka koyi rubuta sunanka jiya, sai ka hana mu sakat? Hoto ai ba ya ƙarya."

Hoto ba ya ƙarya, jama'a! Wannan hikima daga bakin mutumin da ya yi makaranta ta fito, mutumin da yake karanta mana jarida a gindin bishiya muna gyaɗa kai.

To, ni da na koyi rubuta sunana jiya, na ɗauki littafin na aza yatsa a ƙarƙashin hoton. Na daɗe, ban ɓoye ba, amma na iso. Ga abin da Yunuén ta rubuta: "Da gari ya waye, Gwaggo ta zubar da ƙwan nesa da gida, ta wanke hannu, sannan ta ɗebo sababbi daga akurki." Ta faɗa da harshenmu, ta sake faɗa da harshen Arewa, ko da akwai wanda na farkon ya yi masa kaɗan. Sau biyu aka wanke yayata a shafi guda, ku kuwa kuka tsallake duka biyun da ƙwarewa.

Magana ta uku ita ce mai nauyi, kuma a nan ba na wasa. Shekaranjiya wata yarinya ta kawo jaririnta, Eduviges ta ce mata, "'Yata, je ki asibiti kawai, ni na ajiye. Garin da yake ƙyamar hannuna a faranti, me zai yi da shi a jikin 'ya'yansa?" Asibiti dama takan tura duk wanda ciwonsa ya fi ƙarfinta, amma ban taɓa jin ta ce ta ajiye ba. Idan ta ajiye, littafin nan ya tashi daga labarin abin da muke yi, ya koma labarin abin da muka kashe, kuma jikokinmu za su karanta shi cikin harshe biyu.

Saboda haka na roƙe ta, da ƙyar ta yarda. Ga ta can bakin ƙofa da kaskonta, ta soya ƙwai da barkono na kowa da kowa. Ba wanda zan tilasta wa. Wanda ya amince da ita, ya ɗauki faranti ya ci a gabanta. Wanda har yanzu cikinsa ba ya son rigima, ya hawo nan ya tsaya inda nake, ya karanta mana shafin da babbar murya, da harshen da ya ga dama. Kumpadre Hilario, girmanka ne, da kai za a fara.

Allah ya albarkaci wannan taro, ya albarkaci hannun da ya rubuta da hannun da ya soya. Budurwa Maryamu ta tsare mana yaranmu na nan da na Arewa daga mugun ido, ta kuma tsare tsofaffinmu daga idon da ke ganin hoto ya tsallake rubutu. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, da cikinsa a ƙoshe.

Na gode.