Jinin Balki a Tseren Kwale-kwale

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah shi ƙara basira. Ni mai bandar kifi ce daga Warra, kuma da ɓacin rai na aiko wannan wasiƙa.

Ɗiyata Balki da ƙawayenta sun shiga tseren kwale-kwale da aka yi a tafkinmu bayan Sallah, su kaɗai ne mata. Da suka fara wuce jirgin samari, sai ɗan maƙwabcinmu da ke ciki ya ɗaga filafilin tuƙi ya kwaɗa wa Balki a goshi. Ina tsaye a gaɓa na ji ƙarar. Jini ya wanke mata fuska. Bai bar su haka ba, ya sa ƙafa ya kifar da jirginsu, yana cewa, "Ku koma gindin murhu!"

Ya manta ɗiyan masunta ne. Balki ta iya iyo tun ba ta iya ɗaura zane ba. Suka birkito jirgin, suka kwarfe ruwan, suka haye. Su suka zo na biyu. Shi da ya tsaya dukan Balki, jirginsu ne na ƙarshe. Na yi guɗa har muryata ta dushe.

Yanzu ubansa ya zo ban haƙuri, wai a yafe, amma Balki ta bar tsere don a zauna lafiya. Jama'a, ku ba ni shawara. Wanda ya fasa kai ne zai bar ruwa, ko wadda aka fasa wa?

Ina gaida 'yan matan jirgin nan. Balki ta ce ana cire mata zaren ɗinkin da aka yi mata a goshi za ta koma tsere.

Taku, Innar Balki.