Ya Daina Jin Warin Tawada

Wata mata ta matsa wa wani dattijo a bencin jiran likita, sai ta ga faratansa duk shuɗi.

"Baba, rini kake yi?"

"Wane rini? Injin buga kwalaye nake ja tun ba a haife ki ba." Ya yi tari mai tsawo.

"Sannu, Baba. Ai babban ɗana ma aikinsa ke nan. Da farko kullum ciwon kai, amma yanzu alhamdulillahi, ko warin tawadar ba ya ji."

"A lokacin muke cewa mutum ya zama ma'aikaci. Ranar da na daina ji, har kafaɗata aka dafa. Yau ko girki ya ƙone, sai na ga hayaƙi nake sani."

"Amma ana ba su madara."

"Madara ciki take tafiya, 'yata. Warin nan ƙirji yake shiga."

Ta murza bakin mayafinta. "Ƙanensa na zaune ba aikin yi. Ko za ka sa mana baki wurin manyanku?"

"In na yi magana, gobe za su ɗauke shi." Ya jira numfashinsa ya dawo. "Ba zan yi ba."